Mai Keke da Rabin Hoto

Mai Keke ta fara ɗinki tun kafin a zuba kwalta a titin da ya raba gidanta da shagonta. Gidan yana wannan hannu, shagon yana wancan, ƙofa na kallon ƙofa. Mijinta ne ya saya mata keken ɗinkin, baƙi mai feda, bai daɗe ba ya rasu ya bar ta da shi da yaro ɗaya. Da keken ta ciyar da yaron, ta sa shi makaranta. Da ya ƙi karatu ta kai shi gareji, ya zama bakanike, ya yi aure ya koma can ƙarshen gari.

Ba mace ce mai fara'a ba, kuma ba ta taɓa da'awar haka ba. Amma in ta kalli kafaɗar mutum sau ɗaya, tef ɗin da za ta ɗora masa don cika ƙa'ida ne kawai. Idonta ne jarinta. Maƙwabcinta Mai Guga, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da nata, yakan ce ko sauro ya gifta tana iya faɗin awon wandonsa. Shekara da shekaru suna tsiya da juna. Shi ya ce kaurin kalmasarta ne ke lalata masa dutsen guga, ita ta ce duk rigar da ta shiga hannunsa sai ta fito da tabon wuta.

Wata safiya tana naɗa zare a kwarkwaro sai ta zame daga kujera. Mai Guga ne ya ji ƙarar faɗuwar ta bango. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa ta. Ta fito da ƙafarta, bakinta bai karkace ba, hannun dama lafiya lau, na hagu ne kawai ya yi nauyi. Kowa ya ce an auna arziki. Ɗanta ya ɗauke ta zuwa gidansa don ta huta.

A can abin ya fara. Surukarta ta kawo mata shinkafa, ta cinye, ta ce yarinyar nan ta koyi rowa, ko tsoka ɗaya babu. Surukar ta sa cokali ta turo nama zuwa tsakiyar farantin. Mai Keke ta zuba wa naman ido. Ba ta ga daga inda ya fito ba. Ta riƙa buga kafaɗa a bakin ƙofa. Tana zaune ita kaɗai a ɗaki sai ta ji muryar ɗanta dab da kunnenta, ta zabura, ya ce ai tun ɗazu yake tsaye a nan. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ta fara zargin ko hankalinta ne ke barinta.

Ta matsa sai da aka mayar da ita gidanta da shagonta. Rigar farko da ta ɗinka, mai ita ta ɗaga ta a gaban mutane ta ce, "Mai Keke, ɗaya hannun fa? Ko sai na dawo gobe?" Rigar tana da hannu ɗaya. Ɗayan yana nan a yanke a kan teburi, a gefen hagu, babu wanda ya taɓa shi. Mai Guga ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarta, ya rufe.

Ran nan da yamma ta sauka titi za ta koma gida. Ta duba, hanya fayau. Ta jefa ƙafa, sai ta ji wani abu ya fizge mayafinta, ga ƙarar birki, ga mai babur a ƙasa yana zagi. Ta rantse babu komai a titin. Duk wanda ke layin ya ga babur ɗin tun daga nesa.

Washegari Bakanike ya zo ya kulle shagon ya jefa makullin a aljihu.

"Inna, an gama," ya ce. "Akwai ɗaki a bayan gidana. Keken kuma akwai mai so."

"Keken ubanka za ka sayar?"

"Gara a rasa keken da a rasa ki."

Da aka mayar da ita asibiti, likita ya haska idonta ya ce idon ba shi da laifin komai. Ya ce ciwon ya taɓa wani wuri ne a ƙwaƙwalwa, har ta manta cewa duniya tana da hagu. Ba duhu take gani a can ba, ba ta ma san akwai can ɗin ba. Ya tura ta wani ɗaki a bayan asibitin, inda wata malama ke koya wa masu irin wannan ciwo zane. Aka tsayar da magana a gabansa: in Malama ta ce za ta iya zama ita kaɗai, Bakanike zai mayar da makulli. In ba ta ce ba, a sayar da keke, shago ya koma hannun mai shi.

Ɗakin yana warin fenti da maganin wanke ƙasa. Akwai dogon teburi, da alluna a jingine, da gwangwanayen madara cike da buroshi. Malama doguwa ce siririya, sa'ar surukarta, rigar aikinta duk ɗigon kala. Mai Keke ta lura da aljihun rigar a karkace yake, ta kuma gaya mata.

"To, Mama, kin ga kina gani," in ji Malama. "Ga aikinki."

Ta jingina mata wani hoto da aka buga a kwali. Wurin shan shayi ne a waje, a bakin hanya, da rana tsaka. An jera tebura a ƙarƙashin rumfa. Ƙasar ja ce kamar an zubar da jini, sama rawaya, gidajen baya sun ranƙwafo kamar za su faɗo wa mutane. Ƙafafun kujerun babu guda biyu masu tsawo ɗaya. Mai kawo shayi yana da hannu dogo har gwiwa. Fuskokin masu zaman kuwa wata kore, wata shuɗiya, idanu ramuka baƙaƙe.

"Wanda ya yi wannan ya taɓa ganin kujera kuwa?"

"Ya gani. Ba abin da ido ke gani ya zana ba, abin da ya ji a ƙirjinsa ne ranar. Ke dai ki kwaikwaya yadda yake."

"In haka ya ji, ai da asibiti ya zo shi ma."

Ta sha wuya kafin ta koya. Hannun da ya saba da layi miƙaƙƙe ya ƙi karkata. Ta miƙe ƙafafun kujeru, ta rage wa mai shayi hannu, ta ba mutanen fatar mutane. Malama ta shafe ta ce a sake. Ta nuna mata a fara da ƙasa da sama tukuna, a bar mutane sai ƙarshe. Ta nuna mata yadda ake ɗibar fenti da kauri a dangwala shi a bar shi da tudu, ba a lallaɓa shi kamar ana shafa wa jariri mai. Ta koya mata haɗa shuɗi da rawaya, da yadda ɗigon baƙi ɗaya ke kashe kala gaba ɗaya. Mai Keke ta riƙe buroshi kamar alli, ta yi ta mita, amma ido mai awo ido mai awo ne. Sannu a hankali karkacewarta ta zama daidai da ta mai hoton.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk mutanen hoton sun juya wuya suna kallon gefe ɗaya. Mai koren fuska har ya ɗan tashi daga kujera, bakinsa a buɗe. Kuma inda suke kallon babu komai, nan hoton ya ƙare. Ta zana su haka.

Ranar da ta ajiye buroshi ta ce ta gama, Malama ta zo ta tsaya a damanta.

"Mama, me mutanen nan suke kallo?"

"Ina na sani? Ki tambayi mahaukacin da ya yi su."

Malama ta kama hannunta na dama, ta ɗora yatsunta a kan fentin da ya bushe. Mai Keke ta ji tudun rumfa, ta ji tudun teburi. Malama ta ja hannun sannu zuwa hagu. Tudun ya ƙare. Yatsunta suka hau takarda sumul, busasshiya, suka yi ta tafiya a kanta, tafiya mai nisa, kafin su kai bakin allo. Idonta yana gaya mata hoton ya cika daga baki zuwa baki. Yatsunta suna gaya mata rabi babu komai.

Ta fizge hannunta. Duk rayuwarta in ido da bakin mutum suka saɓa, ido take bi. Yau ga shi idon ne ke yi mata ƙarya, kuma ba ya ko ƙiftawa.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. A ɗakin bayan gidan ɗanta, inda aka mayar da ita, ta ja gadonta ta manna kafaɗar hagu da bango, don ta san aƙalla bango ne a wurin. In ta fito tsakar gida sai ta riƙa jin kamar wani yana tafe a gefenta, kafaɗa da kafaɗa, yana jira. Zai iya zama kaza. Zai iya zama maciji, ko tukunyar ruwan zafi, ko rami. Da rana tsaka in ta lumshe ido sai fuskokin nan su zo, kore da shuɗiya, duk sun juya suna kallon wani abu a hagunta, su suna gani ita ba ta gani.

Mai Guga ya zo duba ta da lemo a leda. Ya zauna ya yi ta zuba, sai can ya lura da bango take amsa wa. Ya ɗauki kujerarsa ya dawo damanta.

"Wani yaro ya zo yana leƙen shagonki ta taga," ya ce. "Wai aski zai buɗe. Na ce masa akwai ɓeraye masu cin mutum."

"Kai ne babbansu."

"Ki dawo dai. Tun da kika tafi ban sami wanda zan ɗora wa laifin ƙuna ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mai Guga, in da wani abu a wannan gefen nawa yanzu, za ka gaya mini?"

Ya duba. "Bokiti ne da tsintsiya."

"To."

Malama ta ba ta sabuwar takarda, ta ce ta riƙa juya kai hagu. Ta juya, a ganinta har wuya ya ƙage, ashe ko tsakiya ba ta wuce ba. Hoto na biyu ma ya tsaya a inda na farko ya tsaya. Bakanike yana zuwa ɗaukarta, ya leƙa allon, ya kalli Malama. Kallon nan ya fi zagi ciwo.

Abin ya zo ne ba da niyya ba. Tana zana bakin rumfa, ta kai kusurwa, hannunta ya ƙi lanƙwasawa. Tela in ya kai kusurwa ba ya tashi ya zagaya keke. Yakan bar allura a cikin yadi, ya ɗaga ƙafar keken, ya juya yadin. Hannunta ya yi abin da ya saba. Ta juya allon, sama ta koma ƙasa. Don su dace ta juya kwalin hoton shi ma.

Sai ga mutum.

Yana rataye, kai a ƙasa, cikin baƙar kwat, hannu a miƙe. Ga wata bishiya shuɗiya da ba ta taɓa gani ba. Ga titi, ga keken doki yana tahowa. Ta karkata kai ta dube shi da kyau. Hularsa ce iska ta ɗauke, yana binta da gudu. Abin da duk suke kallo ke nan. Hula.

Da ta so ta yi dariya, amma tsoro ya hana ta. Ba abin da ke wurin ne ya tsorata ta ba. Ƙaton mutum, da bishiya, da doki, suna gaban hancinta tun ranar farko, tana zaune da su kamar yadda take zaune da kowa, ba ta sani ba. A kan nata allon kuma, da ya juyu, ga farar takarda shimfiɗe a dama, rabi cur.

Malama tana can ƙarshen ɗaki wurin wani tsoho mai rawar hannu. Mai Keke ta tsoma buroshi. Duk sanda Malama ta ba da baya sai ta juya allo ta yi aiki, in ta ji takunta ta mayar. Haka ta cike bishiya, ta cike doki, ta cike mai hula. Ran da ta gama ta sa aka kira Bakanike ya shigo.

Ya tsaya gaban allon, ya sauke ajiyar zuciya, hannunsa ya tafi aljihun da makullin yake. Malama ta matso ta daɗe tana kallo.

"Mama, fentin dokin nan ya zuba."

"Fenti ai yana zuba."

"Sama ya zuba. Duk na wannan gefen sama suka gangara."

Mai Keke ta ce, "To na juya. Haramun ne? Shekara nawa ina juya yadi."

"Ba haramun ba ne. Dabara ce mai kyau, ki riƙa yi da faranti, ki yi da riga. Amma titi fa, Mama? Wa zai juya miki shi?"

Hannun Bakanike ya fito daga aljihu babu komai. A mota ba ta yi masa magana ba. A gida ta yi ta zagin Malama mai karkataccen aljihu, ta ce ba za ta sake taka ɗakin ba. Da aka kwana biyu ta ji surukarta tana waya a tsakar gida tana faɗa wa wani cewa keken tsoho ne amma ƙarfensa na da kyau. Ta ɗauki mayafi ta ce a kai ta asibiti.

Malama ba ta tayar da maganar ba. Ta ɗaure allon da igiya a jikin teburi, ta ce za ta manna jar takarda a bakinsa na hagu. Mai Keke ta ce takarda ba ta da daraja, ta ciro wani jan ƙyalle daga jakarta, ragowar rigar wata amarya. Dokar ɗaya ce: kafin buroshi ya taɓa takarda, sai ta nemo jan ƙyallen da ido. Ba ta jin akwai shi. Duk jikinta yana gaya mata allon ya ƙare, babu sauran abin nema. Sai ta ƙaryata jikin, ta juya kai, ta juya kafaɗa, ta juya har kujera ta yi ƙara, tana shiga wurin da a saninta babu shi, kamar mai saka ƙafa a ruwan da ba ta san zurfinsa ba. Can sai ja ya ɓullo. Daga nan ta biyo baya sannu: doki, bishiya, mai hula. Ta ɗiga fenti sau ɗaya. Ta ɗaga kai, duk sun ɓace. Ta sake fita nema.

Hoto na ukun ya fi sauran muni. Dokin ya yi kama da akuya, mai hular ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya. Amma fentinsa duk ƙasa ya zuba.

Malama ta gaya wa Bakanike gaskiya a gabanta. Ta ce ba ta warke ba, kuma mai yiwuwa ba za ta warke ba. Abin da ta samu shi ne ta daina yarda da idonta. Ta ce a ganinta hakan zai iya isa, in ba ta yi gaggawa ba.

"Zai iya," in ji Bakanike. "Inna, in mota ta kwashe ki me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu a sami wanda ya iya ɗinki ya yi likkafanin. Kai ni gida."

Ya tsayar da mota a ƙofar gidanta da hantsi, lokacin da titin ya fi cika. Ta ce ya tsallaka ya tsaya a ƙofar shago da makullin, kada ya motsa. Ya tsallaka yana waiwaye. Mai Guga ya fito da dutsen guga a hannu, ya manta bai ajiye ba. Tun da safe ta aika masa da ragowar jan ƙyallen, ya ɗaura shi a jikin falwayar da ke can sama da gidanta, ta hannun hagu.

Ta tsaya a bakin kwalta. Ta duba. Hanya fayau, kamar ranar babur. Ƙafarta ta ɗaga da kanta, ta mayar da ita. Ta kafa diddige ɗaya a ƙasa kamar allura a yadi, ta juya jikinta gaba ɗaya. Babu komai. Ta ƙara juyawa. Babu komai, sai muryar nan ta cikinta da ke cewa duniya ta ƙare a nan. Ta ƙara. Ja ya ɓullo a jikin falwaya. A ƙarƙashinsa ga motar yashi tana gangarowa, ƙatuwa, ba ta ko yi hon ba. Ta wuce ta gabanta, iskarta ta kaɗa mata mayafi.

Ta tsaya har ƙurar ta kwanta. Ta sake nemo jan, ta duba dama, ta sake nemo jan. Sannan ta tsallaka a karkace, kafaɗa gaba, kamar ɗaya daga cikin mutanen hoton.

Bakanike ya miƙa mata makullin.

"Kin ga motar?" ya ce.

"Da ban gan ta ba da wa kake magana?"

"Tafiyar kaguwa kika koyo a asibitin?" in ji Mai Guga.

"Je ka duba, ina jin ƙaurin rigar mutane."

Tana nan tana ɗinki har yanzu, ba da saurin da ba. Kowace riga sai ta juya ta ta ƙirga hannuwa kafin ta ba mai ita. Tsoron bai tafi ba. Kullum safe da yamma tana tsayawa a bakin titin nan da shi, shi ke sa ta juya, kuma ta ce ranar da ta ji ya tafi, ranar za ta mayar wa ɗanta makulli da kanta. Hoton na uku yana rataye a bangon hagu na shagon. Masu kawo ɗinki suna tambayar wane yaro ne ya yi wannan ɓarnar fenti. Ita kuwa ba ta ganinsa sai ta neme shi, don haka kowace safiya, kafin ta ɗora ƙafa a feda, takan juya ta tabbatar mai hular yana nan.